Btrfs ko ext4: wanne za mu riƙa sa wa laftof ɗin ɗalibai?

Malam Kabir (mai kula da zaure): Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda muka tsayar, Asabar ta sama za mu sake zaman ɗora wa mutane Linux, kuma wannan karon ɗalibai za su fi yawa, daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Hassan Usman Poly da FCE. Abin da ya rage shi ne maganar faifai. Tun da muka fara, da tsarin faifai na ext4 muke yi wa kowa fomat. Injiniya Sagir ya kawo shawarar mu koma Btrfs, ya zama shi za a riƙa sa wa duk wanda bai ce ga abin da yake so ba. Na ce ya kawo maganar nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Don Allah a yi ta da hujja.

Injiniya Sagir: Wa alaikumussalam. Na gode Malam. Ba wani sabon abu na kawo ba. Btrfs ya shiga kanel ɗin Linux, wato zuciyarsa, tun 2009, watanni kaɗan bayan an ce ext4 ya nuna a ƙarshen 2008. Kusan sa'o'in juna ne. openSUSE, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, da shi take zuwa tun 2014. Fedora, wata irin Linux ɗin, ta koma kansa a kwamfutocin mutane daga Fedora 33, Oktoba 2020, kuma ba ta waiwaya ba. Abin da nake kwaɗayi wa ɗaliban nan shi ne, in sabuntawa ta lalata musu tsari, su koma yadda suke jiya cikin minti biyu. Ga matse bayanai, ga gano fayil ɗin da ya ruɓe. Mu kuwa har yanzu muna nan inda muke.

Aminu mai gyara: Injiniya, inda muke ɗin yana aiki ai.

Nafisa: Ku yi haƙuri yayyena, ni sabuwa ce. Lokacin da aka ɗora mini na ga dai ana ta danne-danne har aka gama. Mi ne bambancin su biyun?

Malama Hajara: Nafisa, duk faifai sai an shimfiɗa masa tsarin da zai san ina fayil kaza yake, ina ya fara, ina ya ƙare, ina ne ba kowa. Windows nata NTFS ne. Mu a Linux muna da su da yawa. Ki ɗauka almajiri ne da allo. ext4 in zai gyara rubutu, allon da ke hannunsa yake wankewa ya sake rubutawa, sai dai yana da ɗan littafi a gefe da yake fara rubuta cewa zan taɓa wuri kaza, don in abu ya faru a san inda aka tsaya. Btrfs kuwa sabon allo yake ɗauka, ya rubuta, sai ya kammala sannan ya ce wannan ne karatun yanzu. In fitila ta mutu yana tsakiyar rubutu, tsohon allon na nan lafiya. Abin da Injiniya ke cewa na komawa jiya, ba komai ba ne illa a ce masa kada ya wanke tsohon allon, ya ajiye shi. Shi muke kira hoton tsari.

Nafisa: To ai in haka ne na biyun ya fi dacewa da mu, tunda wuta ba ta zama.

Injiniya Sagir: Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Kin gama magana.

Aminu mai gyara: Ba ta gama ba. Bari in ba ku labarin abin da ya zo shagona. Wani yaro ɗan ajin ƙarshe ya kawo mini HP, batir ya mutu tuntuni, sai a jikin wuta take aiki. Wani abokinsa ya ɗora masa Fedora, ke nan Btrfs ne a faifan. Yana cikin buga furojet aka ɗauke wuta, da ta dawo ya kunna, sai baƙin allo da rubutu fari. Na sa filashina na tashe ta daga waje, na ce faifai ya buɗe, ya ƙi. Na duba saƙon kanel, layi ɗaya yake ta maimaitawa: parent transid verify failed. Yaron nan yana tsaye a kaina, gumi har cikin kunne, sai cewa yake babi na huɗu, babi na huɗu. Da ext4 ne, umarnin gyaran faifai na fsck zan buga in ce masa eh ga komai, in sha shayina, a mafi yawan lokuta ta tashi. Nan kuwa na buɗe bayanin btrfs check, takwaransa na Btrfs, sai na ishe su da kansu masu abin sun rubuta gargaɗi cewa kada ka kuskura ka yi amfani da --repair sai wanda ya san abin ya ce ka yi. To ni wa zan tambaya a Ƙofar Ƙaura ƙarfe biyu na rana?

Injiniya Sagir: Ni ka tambaya, kuma mun fitar masa da fayilolinsa da btrfs restore. Ka faɗi wannan ma.

Aminu mai gyara: An fitar, gaskiya ne, alhamdu lillahi. Amma sai da ka taso daga wurin aiki. In Asabar muka ɗora wa yara tuli, za ka riƙa tasowa ga kowa?

Injiniya Sagir: Mutumina, laifin ba na Btrfs ba ne. Ka tuna faifan SSD ɗin da muka ciro? Ko suna babu a jikinsa, sitika ce kawai mai ɗauke da 256GB. Btrfs yana rubuta sabbin bayanai, ya ce wa faifai tabbatar sun sauka, faifai ya ce sun sauka, sannan ya rubuta alamar da ke nuna su. Irin waɗannan SSD na banza sai su amsa sun sauka alhali suna riƙe da su a ƙwaƙwalwar wucin gadi, don a ga suna da sauri. Wuta na ɗaukewa, alama ta sauka, abin da take nunawa bai sauka ba. Abin da saƙon nan ke nufi ke nan: na zo neman rubutu mai lamba kaza, na tarar da wani daban. A faifai mai gaskiya hakan ba ya faruwa, iyaka ka rasa aikin daƙiƙa talatin na ƙarshe.

Aminu mai gyara: Madalla. To irin wannan SSD ɗin shi ne a kasuwa. Laftof tokumbo ta zo ba faifai, mai sayarwa ya nemi mafi araha ya cusa. Ɗalibi bai ma san me ke ciki ba. Ba faifan da ya kamata a ce suna da shi za mu yi wa fomat ba, wanda suka zo da shi ne.

Malama Hajara: Malam Aminu, ka yi magana, amma ka bar rabi. Faifan da ke yi wa Btrfs ƙarya yana yi wa ext4 ma. Bambancin shi ne ext4 ba ya tantance abin da ke cikin fayil, bayanan tsarinsa kawai yake tantancewa. Don haka sai ya tashi lafiya lau, kai ma ka ji daɗi, mai kwamfuta ya biya ka ya tafi, ɓarnar kuwa tana kwance a ciki. Na gani da idona a wurin aikinmu. Hotunan da muka ɗauka na aikin fili, an ajiye su, an kwafa zuwa faifan ajiya kamar yadda aka saba. Ranar da aka tashi buƙatarsu, ka buɗe hoto, rabin sama garau, daga tsakiya zuwa ƙasa toka-toka da wani layi kore a gicciye. Na ajiyar ma haka, don ruɓaɓɓen aka yi ta kwafewa. Ba wanda ya san yaushe abin ya faru. Daga baya aka gano RAM ɗin injin ne ke da matsala. Btrfs kowane gutsure da ya rubuta yana haɗa shi da lambar tantancewa, in ya zo karantawa lambar ba ta yi daidai ba sai ya ƙi ba ka, ya ce akwai matsala. Ba ko wace ɓarnar RAM yake kamawa ba, in bayanin ya lalace tun kafin a yi lissafin lambar ya wuce, amma wadda faifai ya yi ba ta tsere masa.

Aminu mai gyara: Ya gyara, ko ya faɗa kawai?

Malama Hajara: A faifai ɗaya faɗa kawai yake, in dai cikin fayil ne. Bayanan tsarinsa yana ajiye su kwafi biyu, waɗannan yana iya gyarawa. Fayil ɗinka kuwa sai in faifai biyu ne masu riƙe da abu ɗaya.

Aminu mai gyara: To laftof ɗin ɗalibi faifai nawa gare ta?

Malama Hajara: Ɗaya. Amma sanin fayil ya lalace yau, tun kana da kwafinsa a waya ko imel, ya fi ka sani bayan shekara.

Bishir: Ni fa duk wahalar nan ban gane ta ba. A sa tsarin faifai na ZFS kawai a huta.

Injiniya Sagir: Bishir, ZFS na Sun Microsystems ne, lasisinsa CDDL bai jitu da GPL na kanel ba, shi ya sa har yau ba ya cikin kanel. Ubuntu ta sa shi a matsayin gwaji a 19.10. A saba yana da kyau ƙwarai. A laftof mai RAM 4GB da mai ita bai san tamina, wurin buga umarni, ba, a'a.

Bishir: Na janye.

Malam Kabir: An kira La'asar, a je a dawo. Baba Lawal na ga kuna ta karantawa ba ku ce komai ba.

Baba Lawal: Ina jin ku 'ya'yana. Allah ya yi muku albarka, muhawarar ta yi daɗi. Ni da na fara taɓa Linux, SUSE da tsarin faifai na ReiserFS take zuwa, kuma a lokacin shi ne abin yayi, wanda ke kan ext2 kallon ɗan ƙauye ake masa. A 2006 SUSE ta sauka daga kansa ta koma ext3, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne masu kula da shi sun yi kaɗan. A 2025 aka cire shi daga kanel gaba ɗaya. Ba cewa nake Btrfs haka zai ƙare ba, yana da mutane, SUSE na kansa, Meta na amfani da shi a injinanta masu ɗimbin yawa kuma tana biyan masu rubuta shi. Abin da nake so Sagir ya duba shi ne labarin Red Hat. A 2017, a Linux ɗinsu RHEL 7.4, suka ce sun daina tafiya da Btrfs, a RHEL 8 suka cire shi, suka tsaya a kan tsarin XFS da suke kai tun 2014. Ga Fedora kuwa, da Red Hat ke ɗaukar nauyinta, ta ɗauke shi a 2020. Gida ɗaya, hukunci biyu. Halan ɗaya wawa ne? A'a. Red Hat tana sayar da alkawari ne na shekara goma ga bankuna da kamfanoni, in abu ya lalace ita za a kira, kuma injiniyoyinta XFS suka fi ƙwarewa a kai. Fedora kuma da za ta sauya sai da masu rubuta Btrfs da kansu, irin su Josef Bacik, suka sa hannu a shawarar. Kowannensu ya zaɓi abin da yake da mai gyara shi a gida. Abin da ake sa wa mutum ba tare da ya zaɓa ba, wanda ya sa shi ne ya ɗauki nauyin ranar da zai lalace. Ku a nan, wa ke ɗaukar wannan nauyin?

Aminu mai gyara: Ni ne Baba, ranku ya daɗe. Ni da yarana biyu.

Injiniya Sagir: Baba, Allah ya ƙara lafiya, na ji. Amma in da haka kowa ya yi da ba a taɓa motsawa ba. Apple a Maris 2017, da iOS 10.3, ta juya wayoyin mutane daga tsarin faifai na HFS+ zuwa na APFS ta hanyar sabuntawa kawai, yawancin masu wayar ba su ma sani ba. Kuma ko Fedora ɗin ma wahalar talakan mai amfani ta duba. Kafin Fedora 33, gida biyu take raba faifai, gefen tsari da gefen fayilolin mutum. Sai gefen tsari ya cika maƙil, sabuntawa ta ƙi, alhali ɗaya gefen fili ne fetal. Da Btrfs duka biyun rumbu ɗaya suke ɗiba.

Baba Lawal: Apple ita ke ƙera wayar, ita ta zaɓi faifan da ke ciki, ta san halinsa. Kai wa ya zaɓa maka faifan da za a kawo Asabar?

Injiniya Sagir: Wannan kam Baba ba ni da amsa.

Malam Kabir: Kuma matsalar raba faifan ba tamu ba ce Injiniya, mu Linux Mint muke ɗorawa a fatishan ɗaya.

Usman Daura: Salamu alaikum, yanzu na samu netwok. Ni maganar matse bayanan ce ta ja hankalina. Injinan shagona na buga takardu duk SSD 128GB ne, kullum cikin share-share nake. Da gaske zai ƙara mini wuri?

Injiniya Sagir: Zai ƙara, amma ya danganta. Fedora 34 a 2021 ta kunna matsewa da zstd kai tsaye. Fayilolin tsari da rubutu zalla suna matsuwa sosai, kuma SSD ya kan samu sauƙin rubutu. Hoto JPEG, bidiyo, waƙa, waɗannan an riga an matse su tun asali, ba abin da za ka samu. Har takardun Word na yanzu a matse suke zuwa.

Usman Daura: Ai kuwa abin da ya cika injinan ke nan, hotunan fasfo da takardun da aka yi sikanin.

Malama Hajara: To Malam Usman kada ka sa rai da yawa. Kuma akwai abin da ya kamata a faɗa, ko da yake ina ɓangaren Injiniya. Hoton tsari ba kyauta ba ne. Ranar da ka ɗauke shi ba ya cin komai, amma duk abin da ka goge ko ka sauya bayan nan, tsohonsa na nan riƙe. A faifai 128GB, in aka bar shi yana ɗauka kullum ba mai sharewa, wata rana yaro zai goge fim mai girma ya ga wuri bai ƙaru ba ko kaɗan. Wani lokacin ma df, umarnin duba filin da ya rage, zai nuna akwai fili, amma injin yana cewa No space left on device, saboda Btrfs yana yanka faifai gida-gida, na bayanai daban na tsari daban, kuma duk an rabe su. Maganinsa btrfs balance. Ba wuya gare shi ba, amma sai ka sani.

Aminu mai gyara: Kun ji ko. Kowane amfani da ɗan littafinsa.

Nafisa: Yaya Sagir, in akwai hoton tsarin nan ke nan ba sai na riƙa kwafe furojet ɗina a filash ba?

Injiniya Sagir: A'a ƙanwata, kada ki soma. Hoton a cikin faifan nan yake zaune. In faifai ya mutu, ko aka sace laftof a mota, ya tafi da shi. Ki ci gaba da kwafewa, ki tura wa kanki a imel ma.

Malam Kabir: Wannan tambayar ta Nafisa ita ce ke ba ni tsoro. In ita da ke cikin zauren nan ta fahimci haka, ina ga wanda za mu gani sau ɗaya ya tafi.

Injiniya Sagir: Malam, wannan gyaran bayani ne, ba dalilin ƙin abu ba. Bari in faɗi abin da ke ci mini rai. Kusan duk wanda ya dawo mana da kuka, ba faifai ne ya mutu ba. Sabuntawa ce ta yanke a tsakiya don data ta ƙare ko an ɗauke wuta, ko ya kwafo wani umarni daga intanet ya goge rabin tsarin. Me muke yi masa? Mu sake ɗorawa daga farko, ya sake sauke manhajojinsa da datar da ya sha wuya ya saya. Wasu daga nan suke komawa Windows ɗin sata. A openSUSE, manhajar Snapper na ɗaukar hoton tsari kafin sabuntawa da bayanta, in ta lalace tun daga allon GRUB, wanda ke fitowa in ka kunna injin, za ka zaɓi na baya ka tashi. Wannan shi nake so mu ba yaran nan.

Malam Kabir: Mint ai tana zuwa da Timeshift, mai irin wannan aikin, tun 2017, kuma yana aiki a ext4.

Injiniya Sagir: Yana yi, da rsync, manhajar kwafe fayiloli. Kwafe tsarin yake gaba ɗaya a karon farko, ya ci gigabait masu yawa, ya ɗauki lokaci. A ƙaramin faifai mutane kashe shi suke. A Btrfs kuwa ƙiftawar ido ne. In ka zaɓi Btrfs wajen ɗora Mint, da kanta take yin sassan nan biyu, @ da @home, waɗanda Timeshift ke nema. Fedora ce ke kiran nata root da home, shi ya sa ba ya kama su sai an yi dabara, kuma ita Fedora ba ta ma kunna ɗaukar hoton da kanta.

Malama Hajara: Ke nan yaron da ya je wurin Malam Aminu, haɗarin ya ɗauka bai ci ribar ba.

Aminu mai gyara: Atoh. Ni ba gaba nake da abin ba. A tawa laftof ɗin ma zan iya sa shi, SSD ɗina Samsung ne kuma batirina na riƙewa. Wanda batirinsa ya mutu, faifansa ba suna, shi nake ji.

Baba Lawal: To ai kun kusa haɗuwa. Ku bar tambayar wanne ya fi, ku duba injin da ke gabanku.

Malama Hajara: Shawarata ke nan. A teburin karɓa a duba abu biyu kafin a taɓa komai: a zare caja a ga ko laftof za ta tsaya, a buga smartctl a ga sunan faifai da lafiyarsa. Wanda ya tsallake duka biyun, kuma faifansa ya kai 256GB, a yi masa bayani, in ya yarda a sa Btrfs, a saita Timeshift ya riƙe hotuna kaɗan. Sauran ext4.

Injiniya Sagir: Wato dai ext4 ne zaɓin farko har yanzu.

Malam Kabir: A wannan zaman, eh. Ba zan ɓoye ba, hujjar Aminu ta fi nauyi a wurina, don shi ake kai wa. Amma ba rufe ƙofa muka yi ba. Duk wanda aka sa wa Btrfs a rubuta irin laftof ɗinsa da faifansa, in zangon karatu ya ƙare mu ga su wa suka dawo da me.

Injiniya Sagir: Ban gamsu ba, amma na bi. Sharaɗi ɗaya: a riƙa rubuta na ext4 da suka dawo su ma. Kada a ƙirga laifin ɗaya a bar ɗaya.

Aminu mai gyara: Na yarda. Ni ma da nawa sharaɗin. Kafin Asabar ka zo shago ka zaunar da ni da yarana, ka nuna mana yadda ake buɗe shi da ro,rescue=usebackuproot da yadda ake btrfs restore, da hannunmu ba da baki ba. Malama kuma ta taimaka ta rubuta mana shi da Hausa a shafi ɗaya, in manna a bango.

Malama Hajara: Zan rubuta in sha Allah, amma sai na ga kun gwada ya yi aiki.

Usman Daura: Ni kuma na Daura fa? Injinana tebur ne, ba UPS, janareto muke canjawa.

Injiniya Sagir: Kai kam zauna a ext4 ɗinka, ko ni ba zan ce ka taɓa ba. Ka sayi UPS tukuna. Aminu, SSD ɗin nan marar suna yana wurinka? Ina so mu ɗora masa kowanne, mu sa shi rubutu mu riƙa zare wuta, mu ga abin da zai faru.

Aminu mai gyara: Yana cikin durowa. Ka zo Alhamis bayan Azahar, lokacin shago ya lafa. Ka taho da tsohuwar Dell ɗinka, ba a injin kwastoma za mu yi wannan wasan ba.